Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Ciyar da Bakwaini

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne maijego ta zauna jiran ranar da jariri zai iya kama mama. Bakwaini ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai ya kai kamar mako 32 zuwa 34 a lissafin ciki. Kafin nan, ta siririyar roba ake ba shi nono, a zura ta hanci ko baki har cikinsa. In ba a tatsa ba, ruwan nono janyewa yake yi, ranar da yaro ya shirya kuma sai a tarar babu. Ki fara tatsa tun sa'o'in farko bayan haihuwa, aƙalla sau 8 a kwana ɗaya, har da tsakar dare. Dakashin nan da wasu kakanni ke cewa a zubar, shi ya fi kare hanjin bakwaini, ko ɗigo biyu ne a ba shi.

Sai ɗura. Idan an koma kofi, ba zubawa ake yi ba. A tallafe yaro ya ɗan zauna, a jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa, nono ya taɓa leɓen kawai, shi zai riƙa lasa. Zubawa tana sa ya ƙware. Zuma, rubutu da ruwa duk a dakata: zuma ma sai ya shekara.

Ana kuma saurin cewa "ya ƙi mama". Gajiya yake yi. Bayan kin tatsa, ki ɗora shi ya tsotsi maman don ya saba, a cika masa sauran da kofi. Kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, dabarar kangaru da aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978, tana ɗumama shi, tana kuma ƙara kawo ruwa. Uba ma zai iya karɓar ki.

Kada yawan barcinsa ya ruɗe ki, bakwaini bai cika kukan yunwa ba. Tashe shi duk bayan awa 2 zuwa 3. Kada kuma a janye kofin rana ɗaya: a riƙa ragewa ana duba nauyinsa a sikeli, ana kuma lura ko yana fitsari wajen sau 6 a kwana. In ya daina sha, cikinsa ya kumbura, ko jikinsa ya yi sanyi, a koma asibiti nan take.