Yadda na gyara gocewar saiti a madubin bindigar farauta

Harbi na warwatsuwa a yadi 25, alhali bindigar lafiya lau. Ashe faralaks ne, wato gocewar saiti idan ido ya motsa a bayan madubin: maɓallin gefen madubin, mai gyara shi gwargwadon nisa, yana kan yadi 100.

Na ɗora bindigar kan buhun yashi, na motsa kaina hagu da dama ban taɓa ta ba, sai layukan saiti na cikin madubin suka riƙa yawo kan allon da nake hari. Na fara murɗa zoben wajen ido ina kallon sama har layukan suka fito ras, sannan na juya maɓallin har suka tsaya cak. Kada a dogara da lambobin jikinsa, sukan kauce.

Madubi 3-9x40 (mai ƙara girma sau 3 zuwa 9, da gilashin gaba mai faɗin milimita 40) marar maɓallin ya ishi mai harbin babbar dabba, domin a yadi 200 gocewar ba ta wuce milimita 20. Madubin da ƙarin girmansa ya haura sau 10, ko na bindigar iska, shi ke buƙatar maɓallin.