Yadda Ake Zaɓen Ƙamus Domin Koyon Turanci

Kafin ka saya, tabbatar ƙamus ɗin na masu koyo ne, ba wanda aka rubuta wa Turawa 'yan asali ba. Na masu koyo yana taƙaita kalmomin da yake bayani da su: Longman, alal misali, yana fayyace ma'ana da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi. Oxford Advanced Learner's da Collins COBUILD duk wannan sahu ne.

Gwada shi da gajeruwar kalma irin "get" ko "take". Duba ko ya jera ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, kowace da cikakkiyar jimla ta misali, ya kuma nuna kalmomin da ke tafiya tare da ita. Nan ƙaramin ƙamus na aljihu yake kasawa: ma'ana guda zai ba ka, sai ka cusa ta inda ba muhallinta ba.

Lura da furuci ma. Ya nuna gaɓar da ake ƙarfafawa, da bambancin Turancin Ingila da na Amurka. Manhajar waya har sautin za ta jiyar da kai.

Ƙamus mai harshe biyu yana da amfani a farkon karatu. Da zarar ka fara gane gajerun jimloli, koma wa na Turanci zalla.