Yadda ake tatsar ruwan bishiyar birch

Bishiyar birch ta ƙasashen sanyi ce, Rasha, Finland, Latviya da makamantansu, mai farin ɓawo ɗin nan da ke kakkaɓe ganye kafin hunturu. To ruwanta ake tatsa a sha, amma fa lokacin gajere ne, wajen Maris zuwa Afrilu idan ƙanƙara ta fara narkewa kuma ganye bai fito ba, sati 2 zuwa 4 an gama.

Ka nemi babba wadda kaurinta ya kai santimita 25, ƙarama kam barta ta girma. Huda rami ɗaya kawai, zurfin santimita 3 zuwa 4, ka ɗan karkata shi sama yadda ruwan zai gangaro, ka cusa tiyo mai tsabta ya zuba cikin kwalba, ka rufe bakinta saboda ƙwari. Zai riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, garau kamar ruwan sha, zaƙin ma da kyar za ka ji don sukarin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba sosai.

Sa shi a firji nan take, kwana kaɗan yake tsami. Da ka ga ya fara duhu-duhu ko ɗaci to ka cire tiyon, lokaci ya wuce. A Finland sai da izinin mai filin ake tatsa.