Yadda ake mayar da tsoffin diyapo cikin kwamfuta: da kyamara ko da sikana?

A Tawa ta ƙasar Nijar, a wasu gidajen da aka yi ma'aikacin gwamnati a shekarun 1970 akan sami akwatin diyapo, ƙananan hotunan fim ɗin nan masu milimita 35 da ake haskawa a bango. Na kawuna sun kai ɗari huɗu, har da na kokowar ƙasa ta farko da aka yi nan a 1975.

Fara da ƙura, ita ce matsalar garin nan, balle da hunturu. Rufe taga. Hure kowane diyapo da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, kada kuma ka goge da bakin riga, zai karce.

In suna da yawa, ni kyamara nake ba mutum shawara, muddin tana da gilashin makro mai ɗaukar 1:1, wato wanda ke ɗaukar ƙaramin abu daga kusa a ainihin girmansa. Shimfiɗa faifan fitilar LED mai farin haske, ka ɗaga diyapo kaɗan daga kansa. Kafa kyamara a kan ƙafafunta tana kallon ƙasa. Ga dabarar daidaita ta: ajiye madubi a wurin diyapon, in ka duba ta kyamara ka hango idonta a tsakiyar hoton cif, ta miƙe. A saitin kyamara, sa ISO (ƙarfin jin haske) a 100 da buɗewar ido a f/8, ka ɗauka a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba), ka saita jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Gefen fim mai sheƙi ya kalli kyamara, in ba haka ba rubutun da ke cikin hoton zai fito a juye. Kashe wutar ɗaki. Da hannu ya saba, kowane hoto 'yan daƙiƙu ne, kuma ko an ɗauke kuran, batir na nan.

Sikana irin Plustek 8200i kuwa sai mai haƙuri: ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mintunansa. Amfaninta hasken infrared da ke gano ƙura ya share ta da kansa. Sai dai duba kwalin da ke zagaye da diyapon tukuna. In an rubuta Kodachrome (sunan wani irin fim ne), kashe wannan sharar, don tana ɗaukar jikin hoton a matsayin datti ta ɓata shi. Ni diyapo talatin kawai na ware wa sikana, waɗanda zan wanke manya.

Da ka gama, sa shekara da wuri a sunan kowane hoto, ka adana a wuri biyu. Ni sai da na zaunar da kawu, ina nunawa ina tambaya: "Kawu, wannan mai rawani fa, wane ne?"