Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa rediyon farautar sigina da injin sarbo

Yawancin masu kukan cewa rediyonsu ba ta kama komai, garaje ne ya cuce su. Matatar sigina da ke cikin rediyo tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta ji abin da ya shigo. In sarbo, wato ƙaramin injin lantarki mai juya abu zuwa daidai inda aka umarce shi, ya juya maɓallin zango da gudu, sai a wuce ta kan sigina ana ganin kamar babu kowa a wurin. Ƙa'idar ita ce: in ka rage faɗin matatar da rabi, sai ka ninka lokacin da sarbo ke ɗauka wajen zagaye zangon sau 4. Saboda haka fara lalube da matata mai faɗi, in ka ji motsi sannan ka matse. Amma kada ka yi nawa har abin ya yi yawa, domin matuƙin jirgin sama da ke magana tsakanin megahaz 118 da 137 'yan daƙiƙoƙi yake yi ya yi shiru.

Sai rawar kai. Za ka ga allura ta zo wurin da aka tura ta, ta zarce, ta dawo, ta sake zarcewa, injin yana ta zizzz. An cika ƙarfin da sarbo ke gyara kuskurensa da shi ne. Rage shi sannu a hankali har allurar ta riƙa tsayawa cak.

Wanda ni ya fi ba ni haushi shi ne sako-sakon haƙoran giya, don ba ya nuna kansa. Ka juya daga hagu ka sami tashar a nan, ka juyo daga dama ka same ta ta ɗan gusa, sai ka rubuta tashoshi biyu alhali ɗaya ce. Ka riƙa isa kowane zango ta ɓangare guda kullum.

Ƙaramin sarbo yana karɓar umarni ne ta bugun lantarki na milisakan 1 zuwa 2, sau 50 a daƙiƙa. Wannan bugun da tartsatsin injin suna shiga rediyo su fito kamar sigina. Ba rediyo da sarbo kowanne wutarsa daban, haɗa nagetif ɗinsu wuri ɗaya, ka nisanta wayar sarbo da ta eriya. Gwajin mai sauƙi ne: cire wutar sarbo, in "siginar" ta ɓace, to kanka kake saurare.

Kafin duk wannan, duba dokar ƙasarka, don ba kowace magana aka yarda a saurara ba.