Masu shiga ramin kuza, damina ta kawo kai

Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar 28 ga Afrilu ake tunawa da ma'aikatan da suka rasu a bakin aiki, Allah Ya jiƙansu. Mu a nan Jos lokacin ya zo daidai da ruwan farko.

Don Allah in an kwana ana ruwa, kada a sauka da sassafe. A duba bangon ramin tukuna. In ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan kamar gari, a haƙura da aikin ranar. Injin jan ruwa kuma a bar shi a waje. Hayaƙinsa ne ya kashe wani maƙwabcinmu a wajen Bukuru, ramin ko tsagewa bai yi ba. Mai riƙon igiya kuma ya zauna a bakin rami, ba wajen mai shayi ba.