Ƙarar shuu a gajeren zango: inda masu rediyon ham suka fi tafka kuskure

A gidan haya irin namu na unguwar Nima a Accra, mitocin wuta sun kai goma a bango ɗaya, wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo. Duk mai rediyon ham, wato mai hira da wasu ta na'urar rediyo don sha'awa, da ke da lasisin NCA, hukumar sadarwa ta Ghana, da alamar kira mai farawa da 9G, ya san takaicin: ka murɗa zuwa zangon mita 40 da daddare, sai shuu kamar ana suyar ƙosai, tashar da kake bi ta nutse.

Yawancinmu mukan fara da tsine wa kamfanin wuta. Sau da yawa ba ruwansa. Ɓarnar kan iya fitowa daga 'yan akwatunan nan da ake cusawa a soket don su kai intanet daga falo zuwa ɗaki ta cikin wayar wuta. Samfurin HomePlug AV yana aiki tsakanin megahaz 2 da 30, wato kan gajeren zango daidai, AV2 kuwa har 86 yake kaiwa. Wayar wuta ba ta da rigar kariya irin ta kebul ɗin eriya, don haka gidan gaba ɗaya sai ya koma eriya mai watsa ƙara.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen magani kafin a san ciwon. Ɗora rediyonka kan batir mai bolt 12, ka kashe babban makunnin ɗakinka. In ƙarar ta ɗauke, ɓarawon a gida yake. Ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta, ma gwaji ne kyauta: unguwa ta yi duhu, zango ya yi tsit. Sannan ka lura da wani abu. Masu ƙera akwatunan sukan bar giɓi a zangunan ham, saboda haka in ƙarar ta ragu tsakanin megahaz 7.0 da 7.2, wato zangon mita 40, amma ta yi tsalle da zarar ka wuce, su ne. In ko'ina ɗaya take, tuhumi caja, ƙwan LED ko inbatar sola. Ni mako biyu na yi ina harar maƙwabci, ashe wata caja mai araha ce a ƙarƙashin gadona.

Maɓallin NB na jikin rediyo, mai toshe ƙara, ba zai fisshe ka ba. Don tas-tas ɗin fulogin babur aka yi shi, in ka ƙure shi murya ce za ta dagule.

Zoben ferayit kuma, wato zoben da ake sa wa kebul don ya tare ƙara, maƙala ƙarami guda ɗaya bai isa ba. Nemi babba, mai lamba 31, ka naɗa kebul ɗin a jikinsa sau bakwai ko takwas a gindin eriya. Eriyar kanta kada ta bi layi ɗaya da wayar wuta. Nisanta ta, ka ɗaga ta sama.

In ka bi da ƙaramin rediyo a hannu har ƙarar ta kai ka ƙofar mai gida, ka tarar da akwatun a soket, kada ka shiga da faɗa. Gaishe shi, ka ce, "Alhaji, don Allah a ɗan zare wannan na minti biyu mu ji." Ka je da kebul ɗin intanet na Cat6 a jaka, yana kai mita 100 lafiya lau, ka ja masa da kanka a madadin akwatunan.